Rigar leda a cikin burgami

A Nariya farauta ba ta kankama sai an gama kai amfanin gona gida, daidai lokacin da hunturu ke sauka da ƙarfinsa. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar asuba ba ta ragawa kowa. Shi ya sa ba na shiga daji sai da 'yar jaket ɗin leda da na saya a gwanjon Ƙofar Wambai. Idan na naɗe ta ba ta wuce dunƙulen hannu, sai in cusa ta cikin burgami.

Dattawanmu dariya suke yi mata. A wurinsu rigar mafarauci ita ce saƙi mai layu, kuma suna da hujja: leda tana ƙara idan ta gogi ciyawa, zomo da makwarwa kuwa kunne gare su. Ƙaya tana yaga ta, tartsatsin wuta yana narkar da ita a jikin mutum. Don haka ba na sa ta wajen sanɗa.

Sai dai ba a wajen sanɗa sanyi ke kama mutum ba. Yana kama shi ne bayan ya sha gudu da karnuka, gumi ya jiƙa saƙin, sannan ya zauna jira, ko ya hau bayan babur zuwa Kibiya da magariba, iska tana kwashe masa ɗumin jiki. Nan nake zaro tawa. Bara ciwon haƙarƙari ya kwantar da ɗaya daga cikin masu dariyar, sai da aka sayar da akuyarsa aka kai shi asibiti a Rano. Ya warke, kuma har yau bai yarda da leda ba.