Masu Ajiyar Briqueterie

A Birtaniya, idan mai banki ya daɗe yana riƙe dukiyar jama'a, wani lokaci akan ba shi sarautar Lord ya shiga majalisar dattawa a Landan. Kano ma ta san irin wannan: a 2012 Sarki Ado Bayero ya naɗa Sanusi Lamido Sanusi Ɗan Majen Kano, yana kan kujerar gwamnan Babban Bankin Najeriya.

Mu da muka tashi a Briqueterie, unguwar Hausawan Yawunde a Kamaru, masu bankinmu na farko a zaure suke zama, kan buzu, da carbi a hannu. Maigida ake ce musu. Tun da jirgin ƙasa ya haɗa Yawunde da Ngaoundere a 1974, fataken shanu suka yawaita. Bafatake ya sauka gidan maigida, ya ci tuwonsa, ya kwana a ɗakin baƙinsa, ya sayar da dabbobinsa ta hannunsa, sannan ya bar masa kuɗin. Babu takarda, babu sa hannu. Abin da za ka ji kawai shi ne, "Alhaji, ga ajiya." Shi kuma ya amsa, "Allah ya tsare," ya sa yaro ya shiga da ƙullin cikin gida. Mahauta da teloli ma nan suke karɓar bashin jari. Mata kuwa suna da uwar adashi, wadda lissafinta ya fi na malamin makaranta kaifi.

A ƙarshen shekarun 1980 bankuna da dama a Kamaru suka durƙushe, ma'aikata masu ɗaurin wuya suka yi ta layi a banza. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wannan kam ta taɓa kowa, har kuɗin cikin adaka, amma wanda ya ba maigida ajiya ya ƙirga abinsa cif.

Irin waɗannan dattawa su ake sawa a gaba wajen ɗaurin aure da sulhu, wani kuma a naɗa masa rawani a fadar Sarkin Hausawa, a yi kwana ana busa algaita. Ni dai a ganina rawaninsu ya fi na Landan wuyar samu, don duk unguwa ta san abin da ka riƙe da yadda ka mayar.

Jikokinsu yanzu suna rumfunan Orange Money da MTN, kuma ko kawunka ne sai ya nuna katin shaida kafin su ba shi kuɗinsa.