Ladan Kuturu: Tsokaci Kan Aikin Ha'inci

Duk wanda ya taɓa ba da aiki, ko ga tela, ko ga birkila, ko ga kafinta, ya san akwai ciwon da ya fi rashin kuɗi zafi, wato mutum ya biya da guminsa a yi masa aikin da gara a ce ba a yi ba. Hausawa dai sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. A ƙasarmu ta Ruma da maƙwabtanmu na Safana wannan ciwo ya zama ruwan dare, har ya kai idan mai sana'a ya cika alkawari sai a riƙa ba da labarinsa a majalisa kamar wani abin al'ajabi.

Ba haka kakanninmu suka bar mana sana'a ba. Wanda ya je birnin Katsina ya ga hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin ƙafa 50, zai ga ginin ƙasa da matakalarsa da ya shafe ɗaruruwan shekaru, ana ɗan yi masa kwaskwarima yana nan tsaye. A Zariya kuma har gobe ana ambaton Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a a ƙarni na 19. Iyayenmu mata ma idan suka yi daɓe suka zuba masa makuba, sai yara su girma a kansa bai fashe ba. A wancan zamani akwai Sarkin Magina da Sarkin Maƙera, kuma yaro ba ya karɓar aiki sai maigidansa ya yaye shi. Idan ya ɓata, sunan maigidan ne ya ɓaci.

Abin da ya tayar mana da wannan tsokaci shi ne wani aiki da aka ɗora mana a masallacin unguwarmu. Jama'a sun yi karo-karo aka ɗora bene domin 'yan Islamiyya, aka kuma sayi kafet don matakala, saboda sanyin hunturu da santsin siminti. Da yake mu malamin makaranta ne, sai aka ce mu riƙe littafi da kuɗi. Aka kawo wani saurayi daga Katsina, muka yi ciniki gaban shaidu biyu, muka ba shi kafin alƙalami, muka rubuta cewa sulusin lada sai aiki ya yi wata guda lafiya. Ya iso da hantsi, kafin la'asar ya tattara kayansa, wai yana gudun dare ya yi masa a hanya. Wannan uzuri kuwa babu mutumin Batsari da zai ƙaryata shi.

Mako uku ba su cika ba kafet ya fara ɗagowa. Ran nan wata yarinya mai shekara bakwai, riƙe da allonta, ta yi tuntuɓe ta gangaro matakala huɗu, leɓenta ya fashe. Allah ya taƙaita, amma kowa ya san da ɗaya daga cikin tsofaffinmu ne, da labarin ya canza.

Ya kamata mai karatu ya san yadda aikin yake, domin wanda bai san daidai ba ba zai iya nuna kuskure ba. Kafin a shafa gam dole simintin ya bushe sarai, a share ƙura, a cike ramuka, don gam ba ya kama danshi ko rairayi. Kafet yana da kwanciyar gashi, kuma a matakala ana so gashin ya kwanta yana kallon ƙasa, domin ya jure ƙafar mai saukowa, launinsa kuma ya zama bai ɗaya. Idan za a yi haɗi, a can cikin lungun matakala ake yin sa, ba a bakinta inda ƙafa ke dira ba. Sannan a danne bakin kowace matakala da ƙarfen da aka yi domin haka, a ɗaure shi cikin siminti. Mutumin namu babu ɗaya da ya kiyaye. Ya shafa gam kan ƙura, ya yi haɗi uku a bakin matakala, ya juya wani yanki kai ƙasa har ya zama kamar kafet iri biyu ne, ƙarfen kuwa ya ce ba ya cikin ciniki, alhali yana rubuce.

Matasa suka ce a kai shi ga 'yan sanda. Muka ce a dakata, domin abin da muke nema gyara ne, ba tozarci ba. Muka ɗauki hotuna da waya, muka kira shaidun nan biyu suka gani da idonsu, sannan muka je wurin limaminmu. Muka ce, "Allah ya gafarta Malam, mene ne hukunci?" Ya bayyana mana cewa a Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, mai sana'a yana lamunin kayan da ya tafi da su wurinsa, wanda ya yi aiki a gidan mai kaya kuwa, malaman Malikiyya sun ce sai an tabbatar da sakacinsa. Ga shi kuma sakaci ya fito fili, ga takarda, ga shaidu.

Maimakon mu kira saurayin mu yi ta cacar baki, sai muka nemi maigidan da ya koya masa aiki. Dattijon ya kalli hotunan ya yi shiru, can ya ce, "Malam, wannan ba hannuna ba ne. Wata bakwai ya yi a shagona ya gudu." Duk da haka ya kira shi, ya ce masa, "Kai yaro, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski." Aka daidaita a kan ya sake aikin, ya biya yadin da ya lalata daga cikin sulusin da ke hannunmu, mu kuma mu ba shi masauki na kwana biyu don kada ya sake fakewa da hanya. Dattijon da kansa ya zo ya tsaya a kai.

Wani abokin aikinmu a Safana bai yi wannan dace ba. Shi ya biya duka tun kafin a buga ƙusa, babu takarda, babu shaida, yau ga shi kullum yana kiran lambar da ba ta shiga.

Adalci ne mu faɗi cewa laifin ba na matasan nan kaɗai ba ne. Fitinar 'yan bindiga daga dajin Rugu, wadda sulhun da gwamnatin jiha ta yi a 2019 bai kashe ta ba, ta kori gwanaye da yawa zuwa Katsina da Dutsinma, aka bar garuruwa da ƙarancin masu koyarwa. Cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin mota, a farkon 2024 kuma buhun siminti ya haura Naira dubu goma. Mai ba da aiki yana neman araha, mai yi yana neman na tuwo yau-yau, an manta cewa araha ba ta ado. A makarantunmu ma darasin aikin hannu ya koma rubutu a allo, ɗalibi ya gama sakandare bai taɓa riƙe tef ɗin awo ba.

Shawararmu ga 'yan'uwa ita ce: a nemi ganin aikin da mutum ya yi a baya, a tambayi wanda ya yaye shi, a rubuta ciniki, a riƙe wani abu cikin lada, idan kuma aka ga ɓarna a yi magana da wuri cikin mutunci. Yin shiru don kunya ba alheri ba ne ga mai sana'a, domin gobe gidan wani zai je ya maimaita. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya albarkaci hannuwan masu nema da gaskiya, amin.