Araha Ba Ta Ado

Duk Bakatsinen da ke zaman Legas ya san abin da zan faɗa. Filin jirginmu na Umaru Musa 'Yar'aduwa ba kamar na Kano ba ne. Jiragen da ke sauka kaɗan ne, shi ya sa babu gasar da za ta sa kamfanoni su karya farashi.

Yau da gobe sai na koyi dabaru. Nakan sayi tikiti tun da sauran makonni, in kauce wa Juma'a da Lahadi da jajibirin Sallah. In abin ya gagara, sai in sauka a filin Malam Aminu Kano, in nufi tasha in hau motar Katsina, tafiyar kusan kilomita 170. Har alfahari nake yi wa abokai da wannan wayo nawa.

A 2019, wata Talata da dare, ƙanwata ta bugo mini waya.

"Yaya, jikin Baba fa ya yi tsanani."

Na duba tikitin washegari, na ga kuɗinsa ya kusa ninka na Alhamis. Na ce a raina, ai kwana ɗaya ne kawai. Na sayi na Alhamis.

Ranar Laraba bayan Azahar aka yi jana'izarsa, ina zaune a ofis.

Na san kwana ne ya ƙare, zuwana ba zai ƙara masa komai ba. Amma da na riƙe hannunsa, na roƙi gafararsa. Har gobe ina neman araha, domin aljihu sai da lissafi. Sai dai in aka ce mini jiki ya yi tsanani, ba na ƙara kallon farashi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, amin.