Filin Jirginmu Yana Birni

Muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida a Gwarzo, bayan La'asar, sai autarmu ta miƙo waya ta ce mu ga ikon Allah. Jirgin sama ne yake sauka a kan rairayin bakin teku, tayoyinsa suna fallatsa ruwa. Sunan wurin Barra, wani ɗan tsibiri a ƙasar Sikotland, mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Tun 1936 jirage suke sauka a nan. Babu kwalta, turakun katako aka kakkafa su nuna hanya, kuma idan teku ta cika ta shanye filin, sai jirgin da zai taso daga Gilasgo ya jira ta janye. Muka yi ta dariya.

Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya ce, "To, naku da kuke taƙama da shi, da yaya ya fara?"

Da gaskiyarsa. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, a filin da ake wasan dawaki. Su ne jiragen da suka fara taɓa ƙasar Nijeriya. Sai a 1936, shekarar da na Barra ya fara aiki, kamfanin Imperial Airways ya soma zirga-zirga tsakanin Hartum da Kano. A Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi suna yada zango a Kano kafin su wuce Masar. Har bayan yaƙin akwai mutum a kan raƙumi da yake busa kakaki idan jirgi ya doso, don mutane da dabbobi su kauce. Ashe mu ma ba mu da bakin yi wa wani dariya.

Mu mutanen Gwarzo da Kabo ba mu da filin jirgi. Namu shi ne na birni, wanda yanzu yake ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, kuma a shekara sau ɗaya muke tunawa da shi, lokacin tashin alhazai. Kakannin Baba da ƙafa da jaki suka yi gabas. Wani ya dawo bayan shekara bakwai, wani ya yi aure a Sudan shi ke nan. Jirgi ya mayar da wannan tafiya ta awa huɗu zuwa biyar, sai rakiya ta zama rabonmu. Muna yara mukan cika bayan a-kori-kura, a tsaya a Garo a ɗauki 'yan uwanmu na Kabo, a bi ta Rimin Gado da Janguza har Kabuga. Da fura a jallo, da dambun nama a ƙullin leda. Mu yini a rana, ba ma ganin komai sai wutsiyar jirgi, amma mu dawo gida muna ba da labari har sati.

Baba shi ne direban wannan rakiya shekara da shekaru. Yana saurayi a ran 22 ga Janairu 1973, ranar da jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda ya faɗi wajen sauka a Kano cikin hazo, mutum 176 suka rasu. Ya ce ranar duk gidan da yake da alhaji a hanya ba a ɗora tukunya ba, kowa yana jikin rediyo. Wannan bai rage masa son zuwa ba ko kaɗan.

Abin da yake cin ranmu, mu 'ya'yansa, shi ne mutumin da ya kai alhazai fiye da yadda zai iya lissafawa bai taɓa wuce shingen ba. Mutanen Barra nasu ƙarami ne, amma suna shigarsa su je asibiti su dawo. Namu ya yi girma, ya yi gilasai, ya yi mana nisa. Sau biyu muna haɗa kuɗi, mu sayar da sa, mu zuba na gyaɗa, kafin mu kai kujera ta tashi. A 2025 ta haura naira miliyan 8. Bana ma mun fara tarawa, ba mu gaya masa ba.

Autar ta miƙa hannu za ta karɓi wayarta. Baba ya riƙe, ya ce, "Dakata, Auta. Sake kunna mini wurin da yake tashi."