Skotlan a 2024: Rabuwa ma tana da ladabinta

Na san wani zai ce, me ya haɗa ma'aikacin gwamnati mai jiran albashi da siyasar Skotlan? Ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe.

Na fara bibiyar labarinsu ne a azumin 2023, lokacin da hoton Humza Yousaf yana jan iyalansa sallah a gidan gwamnati ya karaɗe Facebook. Da yawanmu mun yaɗa shi muna murna, Musulmi ɗan shekara 37 ya zama shugaban gwamnatin wannan yanki na Birtaniya. Ashe wata 13 kacal zai yi a kujerar.

Jam'iyyarsa ta SNP tana da kujera 63 ne cikin 129 na majalisa, don haka ƙawancenta da Greens, masu rajin kare muhalli, shi ke riƙe da gwamnati. A Afrilun 2024 gwamnati ta janye alƙawarin rage hayaƙi mai gurɓata iska da kashi 75 cikin 100 kafin 2030. Greens suka fusata, suka fara shawarar ficewa. Sai Humza ya riga su. Da safiyar 25 ga Afrilu ya kira ministocinsu biyu, Patrick Harvie da Lorna Slater, ya sallame su.

Nan take 'yan adawa suka kawo ƙuri'ar yanke ƙauna, Greens suka ce za su mara musu baya. Sai makomarsa ta koma hannun mace ɗaya, Ash Regan, wadda da ta bar SNP a 2023 ya ce tafiyarta ba wata babbar asara ba ce. Ikon Allah! Ranar 29 ga Afrilu ya sanar da murabus. Bai ce raba ƙawancen kuskure ne ba, amma ya amsa da bakinsa cewa bai auna irin ciwon da yadda ya yi abin zai sa musu ba. John Swinney ya gaje shi, a zaɓen Birtaniya na 4 ga Yuli kuma SNP ta tashi da kujera 9, alhali a 2019 ta samu 48.

Sai kuma mutuwa ta gitta. Ranar 12 ga Oktoba, Alex Salmond ya yanke jiki ya faɗi a garin Ohrid na Macedonia ta Arewa, inda ya je taro. Shekararsa 69. Shi ne ya kai Skotlan ga ƙuri'ar raba gardama ta 2014, inda kashi 45 cikin 100 suka zaɓi ɓallewa, kuma shi ne ubangidan Nicola Sturgeon a siyasa, ta yi masa mataimakiya shekara bakwai a gwamnati kafin ta gaje shi. Zarge-zargen cin zarafin mata da aka yi masa a 2018 suka shiga tsakaninsu. Kotu ta sallame shi a 2020, ya kafa jam'iyyar Alba a 2021, amma har ya koma ga Mahaliccinsa ba su shirya ba. Ranar 30 ga Nuwamba da aka yi taron tunawa da shi a Edinburgh, ita tana Glasgow wurin jana'izar ƙawarta, 'yar barkwanci Janey Godley.

To ga abin da ya sa nake wannan dogon rubutu.

Shekara biyu da suka wuce aka ba ni riƙon sashenmu. Akwai wani dattijo a ƙarƙashina, shi ya koya min yadda ake bin fayil da rubuta takardar ofis lokacin da na kama aiki. Da aka mayar da komai kan kwamfuta, aikin ya fara gagararsa. Na rubuta takardar sauya masa wurin aiki, na ba masinja ya ajiye masa a tebur, ni kuma na fake da cewa ina da taro. Har gobe ina ganin sauyin ya dace. Amma daga ranar, mutumin da ke kira na "ƙanena" ya koma ce min "ranka ya daɗe".

Ya yi ritaya, muka ci gaba da gaisuwar nesa. Kullum sai in ce zan je, akwai lokaci. Labarin Salmond ne ya tuna min cewa lokacin ba a hannuna yake ba. Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na je gidansa, na ce, "Baba, na zo ne a kan takardar nan." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ai ba sauyin ne ya dame ni ba. Daga ofishinka zuwa teburina taku goma ne."

Wallahi na rasa abin cewa. Ya ce ya yafe, ya rako ni har bakin mota, amma da zan tafi "ranka ya daɗe" ya ce min. Na gane da saura, zan koma.

'Yan uwa masu riƙe da ko da ƙaramin muƙami ne, idan rabuwa ta zama dole, ku tashi ku taka da ƙafarku ku faɗa wa mutum ido da ido. Allah Ya sa mu gama da kowa lafiya.