Baƙuwa A Baucin Yakubu: Mota Mai Taswirar Amurka

Tun daga ran 29 ga watan Mayu, 2023, sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, hankalin masu mota a ƙasar nan ya koma kan abu guda, watau yadda za a ci dogon zango da mai kaɗan. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa har ta wuce Naira 1,000. Wannan shi ya fito da darajar wasu motoci waɗanda dā ake gudu, su ne waɗanda dillalai ke kira haibirid, watau masu tafiya da fetur da lantarki gaba ɗaya. Kamfanin Toyota na Japan shi ya fara fid da irinsu kasuwa da yawa, da motarsa Prius, cikin watan Disamba na 1997, sa'an nan sauran kamfanoni suka biyo baya.

Yadda take aiki ba shi da wuyar ganewa. Ban da injin fetur, tana da wani injin na lantarki da kuma babban batir a baya. In ana tafiya sannu-sannu cikin gari, sai injin fetur ya mutu da kansa, lantarki ya ja motar. In an taka birki ko ana gangara, ƙarfin da zai tafi a banza sai ya koma cikin batir. Irin wannan mota nake hawa a Bauci yau shekara biyu, tsohuwa ce da ta gama yayinta a Amurka kafin ta haye teku. Wajen tsimin mai ba ni da abin cewa sai godiya. Abin da nake so in ba masu karatu labari a kansa shi ne wani allon gilashi da ke gaban direba, wanda aka ce shi ne mai nuna hanya.

TA SAN INDA TAKE, BA TA SAN GARIN BA

Na'urar nan da taurarin ɗan'adam take aiki, waɗanda sojan Amurka suka harba sama, ana kiran tsarin GPS a taƙaice. An harba na farko cikin 1978, tsarin ya kammala da taurari 24 cikin 1995, sa'an nan cikin watan Mayu na 2000 aka daina rage wa farar hula daidaicinsa. Kowane tauraro yana can sama wajen kilomita 20,200, yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda, yana ta aiko da saƙon lokaci da wurin da yake. Da zarar na'ura ta kama saƙon huɗu daga cikinsu, sai ta yi lissafi ta gane inda take a bayan ƙasa. Wannan saƙo kyauta ne, kuma yadda yake sauka a Landan haka yake sauka a Yalwa ko Fadaman Mada.

To, amma tauraro ba ya aiko da taswira. Taswira a cikin motar take, an zuba ta a faifai ko wani ɗan kati, kuma ta ƙasar da aka ƙera motar dominta ce kaɗai. Saboda haka tawa ta san muna digiri 10 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, da kusan digiri 10 ta gabas, amma ba ta san wannan wuri shi ne Bauci ba. Abin da ke bisa allon shi ne wata 'yar kibiya tana yawo a fili fetal, ba titi, ba gida, ba suna. In na karya kwana ta karya, in na tsaya ta tsaya. In an tambaye ta asibiti mafi kusa, sai ta lissafo waɗanda ke bayan tekun Atlantika. Zafin rana da ma'aunin Amurka take faɗinsa, har ka ga lamba 100 cikin watan Afrilu ka zaci gobara ce, alhali kuwa digiri 38 ne a namu lissafin. Rediyonta ma tsallake yake yi, daga 94.5 sai 94.7, duk tashar da ta faɗa tsakani sai a ji ta da shashshaka. Wannan ba laifin maƙeranta ba ne, don ba su yi ta domin titin Yandoka ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido.

DAGA JOS ZUWA WUNTI

Duk da haka allon bai zama na banza ba, don yana da wani shafi mai nuna yadda ƙarfi ke kai da kawowa tsakanin inji da batir da ƙafafu. Wanda yake so ya ga amfanin wannan shafi, ya taso daga Jos ya nufo Bauci, tafiyar kamar kilomita 130. Jos tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200, Bauci kuwa wajen mita 600, watau rabi ke nan. Tun daga Tilden Fulani, a wuce Magama Gumau da Nabordo, har a hango Dutsen Zaranda, yawancin tafiyar gangara ce, sai ka ga batir yana ta cika alhali ba ka sayi komai ba. Na'urar da ba ta san sunan ko ƙauye ɗaya a hanyar ba, ga shi tana gwada maka da alƙalami cewa ƙasar tana sunkuyawa wajen gabas. In an juya za a koma Jos kuwa, duk abin da ta ba ka sai ta karɓe.

Da an wuce Miri an shigo gari. Nan titi yake faɗaɗa, ga otal ɗin Zaranda, ga ma'aikatun Gwamnati, har a iso Wunti inda aka gina gadar sama cikin 'yan shekarun nan. Bauci ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Jirgin ƙasa ya iso ta cikin 1961, ta zama hedkwatar jiha ran 3 ga watan Fabrairu, 1976, sa'an nan cikin 1979 aka buɗe masana'antar Steyr mai haɗa manyan motoci da taraktoci. Tun daga lokacin garin yake ta bunƙasa, ya malala wajen Gwallameji inda Kwalejin Fasaha ta Tarayya take, da Yalwa da Gubi inda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke da mazauni biyu, har zuwa Durum inda sabon filin jirgin sama yake. Ko da a ce akwai Bauci cikin faifan motata, da tuni garin ya tsere masa, don faifai ba ya girma, gari kuwa kullum girma yake yi.

TASWIRAR MALAM YAKUBU

Mai karatu, in ka shiga cikin ganuwa za ka tarar Bauci tana da taswirarta tun kafin a san mota. Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya karɓo tuta daga hannunsa, ya zauna a Inkil kafin ya kafa wannan birni cikin 1809. Masu tarihi sun ce wani maharbi ne mai suna Baushe ya nuna masa wurin, yamma da Dutsen Warinje, daga sunansa kuma aka sami sunan garin. Ka ga ke nan, shi kansa wanda ya kafa Bauci sai da ya tambayi ɗan ƙasa. Ya kewaye birnin da ganuwa mai tsawon fiye da kilomita 10, aka fid da ƙofofi tara: Wunti, Ran, Wambai, Jahun, Dumi, Wase, Nasarawo, Tirwun da Inkil.

Dubi waɗannan sunaye da kyau. Mai zuwa Inkil ya san ƙofar da zai fita, haka mai zuwa Tirwun. Ƙofar Wase tana tuna mana zamanin da garin Wase, wanda yanzu yake cikin Jihar Filato, yake bin Bauci. Watau sunan ƙofa shi ne allon nuna hanya, kuma ba ya bukatar batir. Yawancin ganuwar ta zube, gidaje sun hau kanta, amma har gobe da ƙofofin nan ake kwatance. Mutumin Bauci ba zai ce maka gida mai lamba kaza a titi kaza ba. Zai ce maka Ƙofar Dumi, ko Bakaro, ko Ilela, ko Unguwar Jaki, ko bayan masallacin Gwallaga, ko wajen kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan da aka kashe cikin watan Janairu na 1966, Allah ya jiƙansa.

Daga nan sai tambaya, ita ma kuwa tana da ladabinta. Ba a tambayar dattijo daga bayan gilashi. Sai ka tsaya, ka fito, ka yi sallama, ka ce, "Baba, sannu da hutawa." Shi kuma zai ce, "Yawwa, ɗana, daga ina?" Sai kun gaisa sa'an nan zai ce, "Ka miƙe har gindin dogon yaron can, ka bar masallaci a hannun dama. Amma kada ka shiga lungun da mota, ba za ta fita ba." Wannan magana ta ƙarshe babu na'urar da ta san ta. Sau da yawa ma yaro zai haɗa ka da shi ya kai ka har ƙofar gida.

A cikin waɗannan lunguna akwai wani hatsari na musamman ga mai irin wannan mota, wajibi ne in ambace shi. In tana tafiya da lantarki ba ta da ƙara ko kaɗan. Yaro mai wasa a ƙofar gida, da makaho mai sanda, da tsohuwa mai tallan ƙuli-ƙuli, duk da kunne suka saba gane mota na tafe. Direban da ya kafa wa allo ido a irin wannan wuri, yana neman titin da ba ya ciki, zai iya jawo wa kansa da mutane abin da ba a fata. Idonka a hanya, hannunka kusa da oda.

WAYA TA FI, AMMA BA TA ISA BA

Yawancin masu irin motata sun koma ga wayar hannu, suna bin taswirar Google. Gaskiya ta san Bauci gwargwado. Za ta kai ka kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti, za ta kai ka asibitin koyarwa ko tashar mota, ko da yake yadda take kiran sunayen unguwanni sai ka riƙe ciki don dariya. Amma ba ta san ran Juma'a da azahar hanyoyin fada da babban masallaci sukan cika da sahu ba. Ba ta san ranar hawan Salla dawakin Mai Martaba Sarkin Bauci ke da titi ba. Ba ta kuma san abin da ruwan daren jiya ya yi ba. A damunar 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, irin wannan labari kuwa a bakin direbobin tasha ake fara jinsa. Haka nan ita gajeriyar hanya take nema, ba ruwanta da ko hanyar tana da lafiya bayan magariba. Nan ne maganar ta wuce ta ɓata lokaci, ta zama ta rai.

Mai niyyar zuwa Yankari, kamar kilomita 110 kudu maso gabas da birni, zai bi hanyar Gombe har Dindima, sa'an nan ya ratse zuwa ƙofar Mainamaji. Wannan gandun daji an keɓe shi cikin 1956, aka buɗe wa masu yawon buɗe ido cikin 1962, a cikinsa ne maɓuɓɓugar Wikki take, wadda ɗuminta ke kan digiri 31 dare da rana. In an nutsa cikin dajin layin waya yakan yi rauni, saboda haka gara mutum ya sauke taswirar yankin cikin wayarsa tun yana gari. A nan ne kuma tsohuwar na'urar mota take ramawa, don ita ba ta bukatar layi. Kullum tana nuna maka ina ne arewa, wanda ya san arewa kuwa ya san alƙibla.

GA MAI SHIRIN SAYE

Shawarata uku ce. Ta farko, kada dillali ya ƙara maka kuɗi saboda allon nuna hanya sai ka sa ya kunna, ka ga titin da kuke tsaye a kai da idonka. Ta biyu, in za ka sa rewaya ya cire allon ya dasa na zamani, ka fara bincikawa, don a wasu motocin ta wannan allo ake sarrafa na'urar sanyaya mota, ta nan kuma ake ganin lafiyar batir. Ta uku, in motar sabuwar yayi ce, mai yiwuwa tana iya ɗauko taswirar wayarka ta nuna a allonta, wannan kuwa ya raba gardama.

Sauran magana ta hukuma ce da ɗalibanmu. Taswirar waya mutane ne ke ƙara mata wurare, kowa yana iya sa sunan masallaci ko makaranta ko unguwa. In ba 'yan Bauci suka rubuta Jahun da Makwalla da Ƙofar Wambai yadda ake faɗinsu ba, wani ne daga nesa zai rubuta yadda ya ga dama, jikokinmu kuma abin da suka gani a waya shi za su riƙe. Ya kamata a kakkafa alluna masu sunayen ƙofofi da unguwanni, a kuma zauna da masu unguwanni da dattawa tun suna raye, a ɗauki abin da ke kansu. Da ɗan gari akan ci gari.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin.