Makon da Kafintoci Suka Koma Aji

Litinin

Ƙungiyarmu ta kafintoci ta daɗe tana maganar a nemo wanda zai koya mana taimakon gaggawa, amma kullum lokaci ke kayar da maganar. Safiya ta kwastoma ce, rana ta inji ce idan an kawo wuta, yamma kuma ta kai kaya. Da ƙyar aka tsayar da bayan Isha'i, a wani ajin firamare da ke bayan layinmu a nan Kano. Yau aka fara. Manya da gemu muka takure a bencin yara, gwiwa na dukan tebur. Ban da mu akwai masu walda, da bakanike, da Hajiya mai tuwo-tuwo ta bakin layi, wadda ta ce ita ma da wuta take kwana take tashi, don haka ba mai hana ta zama.

Malamar tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, 'yar sa-kai ta Red Cross, ƙungiyar da aka kafa reshenta na Nijeriya da dokar majalisa a 1960. Ba ta taɓa allo ba. Cewa ta yi kowa ya miƙo hannuwansa biyu a kan tebur, ta bi layi-layi da tocila tana dubawa. Tabon zarto, farcen da guduma ta kashe, ɗigon walda a bayan hannu. Da ta iso kan dattijon layinmu, wanda inji ya ɗauke wa yatsu biyu tun muna yara, sai ta tsaya.

"Baba, ranar da abin ya faru, wa ya fara taɓa ka?"

"Yarona ne, Malama. Ɗan shekara goma sha huɗu."

Ta ce ai dama haka abin yake, likita sai daga baya ake ganinsa, wanda ke tsaye kusa da kai shi ne na farko.

Darasin yau ɗaya ne: kada ka zama na biyu da za a ɗauka. Idan wuta ta ja mutum, ba a cafko shi. A kashe daga mita, ko a kashe janareto. In ba hali, a ture shi ko a ture wayar da busasshen abu. Ta ce mu kam Allah ya hutar da mu, busasshen katako ba ya yanke mana. Ta sa muka adana lambar gaggawa 112 a waya, da 122 ta jami'an kiyaye haɗurra. Ta kuma ce a daina ihun "a taimaka" cikin taro, don kowa zai zaci da wani ake. Ka nuna mutum ɗaya: kai mai jar hula, nemo Adaidaita.

Talata

Jini. Wannan ne darasin da ya fi shafarmu, shi ya sa ajin ya cika har da na tsaye.

Malama ta fara da tambayar abin da muke zubawa a rauni, ta ce kada kowa ya ji kunya. Nan fa baki ya buɗe. Bakanike ya ce baƙin mai ko ruwan birki. Wani ya ce toka. Mu kafintoci garin katako ne a gabanmu, shi ake dumbuza a danna. Har da mai cewa ruwan batir, wai yana ƙone bakin ciwon. Malama ba ta yi faɗa ba, ta dai ce duk abin da aka cusa, a asibiti sai an kankare shi kafin a yi ɗinki, kuma kankarar ta fi yankan zafi. Ruwan batir kuwa sabon rauni ne a kan tsoho.

Abin da ke tsayar da jini dannawa ce. Tsumma mai tsabta, tafin hannu a kai, da ƙarfi, ba ɗagawa. Ta ce babban laifin mutane leƙe: minti ɗaya ba a cika ba an ɗaga a ga ko ya tsaya, sai gudan jinin da ya fara haɗuwa ya ɓalle. In tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kansa a ci gaba da dannawa. In ƙusa ko tsinin ƙarfe ya shige ya zauna, ba a zarewa, domin shi ke toshe ramin da ya yi. A tallafe shi ta gefe da gefe a naɗe, a wuce asibiti, a kuma yi maganar allurar sarƙe-haƙora.

Muka haɗu biyu-biyu muna naɗa wa juna bandeji. Abokin naɗina mai walda ne, hannunsa ya saba da ɗaure ƙarfe, ya matse ni har yatsuna suka fara sanyi. Malama ta zo ta danna farcena ya yi fari, ta sake, ta ce a kalla: in ja bai dawo nan take ba, ɗaurin ya yi yawa. Wannan 'yar dabarar ta burge ni, don ba ta buƙatar kayan aiki.

Baba ne ya yi tambayar da kowa ke jira. Yatsan da ya fita fa? Ta ce a ɗauko shi, a naɗe a ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, sannan a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara. Kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Ba kowane asibiti ke iya mayarwa ba, ba kuma kowane yanka ke karɓar ɗinki ba, amma hukuncin na likita ne, ba na mai shago ba. Baba ya ce nasa a bayan shago aka binne su.

Laraba

Ƙuna, kuma yau Hajiya ce ta riƙe ajin. Ta rantse da makilin, ta ce shekara da shekaru shi take shafa wa 'yan aikinta in miya ta fallatsar musu, kuma nan take suke jin sanyi. Wasu suka ce manja, wasu ɗanyen ƙwai.

Malama ta ce, "Hajiya, sanyin da suke ji gaskiya ne, amma a sama ya tsaya. In kin sauke tukunya daga murhu, tuwon ya daina nuna ne nan take?" Haka fata take, zafin na ci gaba da cin ciki bayan an janye hannu. Maganinsa ruwa mai sanyi yana zuba a wurin har minti 20. Ba ƙanƙara ba, don ita ma tana lalata fata. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, kada a fasa bororo, kada a fizge rigar da ta manne. Ƙunar fuska, ko ta gaɓa, ko ta wutar lantarki, ko wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ta asibiti ce.

Hajiya ta ce minti 20 na ruwa a unguwar da ake sayen jarka wurin 'yan garuwa ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiya ta faɗa. Aka tsaya a kan buta da roba: a zuba a hankali, siriri, kada a kwarara. Ba ta ce ta bar makilin ba, ta dai tambayi ko ruwan randa zai yi, aka ce mata sosai ma.

Masu walda suka kawo maganar ido, daren da mutum ke kwana kamar an zuba masa yashi. Amsar ba ta yi musu daɗi ba: gilashin walda, ba baƙin tabaran kasuwa ba.

Alhamis

Rabin ajin bai zo ba. Akwai biki ranar Asabar, gadaje da kujerun amare sun tsare mutane a shago, ni ma sai da aka yi nisa na shigo. A nan ne ake gane matsalar karatun babba. Ba ƙin ilimi ba ne, awar da ya zauna a aji kuɗin cefane ce ta tafi. Duk mai shirya wa masu sana'a horo daga ƙarfe tara zuwa huɗu, ma'aikatan ofis ya shirya wa, ko da bai sani ba. Asusun ITF da ke Jos tun 1971 yake horar da ma'aikata, amma mafi yawanmu a gindin maigida muka koyi sana'a, kuma maigida abin da ya gada yake koyarwa, har da garin katakon.

Doka aka karanta yau. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta akwatin taimakon gaggawa a inda hannu zai kai gare shi, a ƙara wani a kan kowane ƙarin ma'aikata 150, kuma a damƙa shi ga wani tsayayye. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Wani ya ce wannan ai zancen kamfanonin Sharaɗa da Bompai da Challawa ne. Wataƙila. Amma injin yanka katako bai san girman shago ba.

Juma'a

Ba aji. Bayan an sauko daga masallaci na bi ta kemis da takardar da Malama ta rubuta mana: safar hannu, bandeji mai naɗi, gozi, filasta, almakashi, sabulu, da gishirin zawo na leda. Babu ƙwaya ko ɗaya a jerin, ta ce akwatin ba kemis ba ne. Akwatin kansa ni na haɗa da guntayen falankin da suka rage, na shafa farin fenti.

A ƙofar masallaci na tsaya ina kallon 'yan agaji da kakinsu suna gyara sahu da hanya. Kullum ina ganinsu, a idi, a sansanin alhazai, a wurin jana'iza. Yau ne na fara tunanin a cikin yaran shagona akwai masu sha'awar irin wannan aikin, ban taɓa tambayarsu ba.

Asabar

Malama ta zo da mutum-mutumin roba, rabin jiki, ba hannu ba ƙafa, ta shimfiɗa shi a tabarma. Aka yi ta dariya har ta ce wa bakanike bismillah.

Ta ce in mutum ya faɗi, ka girgiza kafaɗarsa ka kira shi. Bai amsa ba, ka ɗaga haɓa ka karkata kai baya, ka duba ƙirji ka saurara, kada ya wuce daƙiƙa 10. In yana numfashi, ka kwantar da shi a gefe don kada amai ya shaƙe shi, ba a ɗura masa ruwa, ba a zaunar da shi. In ba ya numfashi, ko sai wani irin gurnani jefi-jefi, ka tura a nemo taimako, ka ɗora dunduniyar hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kai, gwiwar hannu a miƙe. Dannawa 30, hura baki 2, a sake. Zurfin santimita 5 zuwa 6, saurin 100 zuwa 120 a minti. Robar tana da wani abu a ciki da ke yin ƙas idan ka kai zurfin. Bakanike, mai ɗaga giyar mota da hannu ɗaya, sai da ya danna sau da yawa kafin mu ji ƙarar. Ba ƙarfi ya rasa ba, tausayi ne ya riƙe shi. Da layi ya zo kaina, kafin minti biyu rigata ta jiƙe, kafaɗuna suna rawa. Shi ya sa ake karɓa-karɓa. Ta ce haƙarƙari na iya tsagewa, kada a tsaya, ƙashi yana ɗoruwa, ƙwaƙwalwa kuwa cikin 'yan mintuna take fara mutuwa in jini bai kai mata ba. Ba ta ɓoye mana ba cewa da yawa ba sa dawowa ko an yi komai daidai.

Sai tambayoyin da suka fi dannawar nauyi. In mace ce ta faɗi fa? Wani malamin Islamiyya da ke cikinmu ya riga ta amsawa, ya ce larura ce, ceton rai yana gaba. Wanda ba zai iya hura baki ba, ya yi ta dannawa kawai, ya fi tsayawa kallo nesa ba kusa ba. Sai tsoron da kowa ya sani: ka kai mutum asibiti a riƙe ka. Ta ce dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mai larurar gaggawa, ta 2017 kuma ta ce a karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, kada kuma a tsangwami wanda ya kawo shi. Ajin ya yi gunaguni, don kowa na da labarin da ya ji. Ta ce ta sani, amma gara mutum ya san dokar a bakinsa.

Aka rufe da farfaɗiya. Ba a cusa cokali a baki, ba a danne mutum, yawunsa ba ya sa wa kowa ciwon. A janye zarto da ƙusa daga kusa da shi, a tare kansa, in ta lafa a juya shi gefe. In ta wuce minti 5, asibiti.

Lahadi

Na tara yaran shago kafin a tayar da inji. Na kafa akwatin a jikin ginshiƙi, daidai tsayin ƙaraminsu. Babban yarona ya ce, "Oga, a sa kwaɗo, filastar nan ba za ta kwana biyu ba." Na ce ba kwaɗo, don rabin yini ina kasuwar katako ko gidan kwastoma, mabuɗi kuma a aljihuna zai bi ni. Shi na damƙa wa ƙirga kayan duk ranar Asabar, abin da ya ƙare ya faɗa.

Ba mu da mutum-mutumi, sai muka cusa soso cikin tsohuwar riga. Ba ya yin ƙas, amma sun koyi inda ake sa hannu da ƙirgen talatin. Naɗin bandeji kuwa sun fi mu saurin kamawa, ƙaramin har ya gyara wa babban ɗauri, ya danna masa farce yana cewa ya matse.

Da yamma shugaban ƙungiya ya leƙo. Malama ta ce hannu yana mantuwa, sai an riƙa maimaitawa, kuma ta yarda ta ɗauki yaran shaguna a zagaye na gaba. Saura rana. Masu walda na son safiyar Juma'a, mu kuma a lokacin muke tare da kwastoma, yaran da yawansu suna makarantar dare. An bar maganar sai taron wata.